Ba A Gina Rumbu A Bakin Titi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata muhawara da masu kula da kwamfutocin jami'o'i ke yi ba tare da an gayyace mu ba, alhali kuwa kanmu za a aske. Shin kwamfutar da ke ajiye sakamakon jarrabawarmu da bayanan kuɗin makaranta, wane irin adireshi ya kamata a ba ta? Na fili, wanda kowa a duniya ke iya ƙwanƙwasa wa ƙofa, ko kuwa na cikin gida, wanda ba ya ƙetare shingen jami'a?

Ni dai na ce na cikin gida. Tun 1994 aka keɓe rukuni uku saboda wannan aiki: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Na farkon kaɗai ya ƙunshi adireshi fiye da miliyan 16, kyauta, ba sai an roƙi kowa ba. Na fili kuwa, a tsarin IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbunsu ya ƙare a 2011, AFRINIC mai raba wa Afirka kuma sai tsakure take yi. To, don me za a ɓarnatar da su kan na'urar da ba ta da hulɗa da baƙo?

Masu jayayya suna cewa ɓoye adireshi ba tsaro ba ne, katangar tace saƙonni ita ce tsaro. Mun ji, kuma ba mu ce a rushe katanga ba. Amma wa ke tsara ta? Mutum, ɗan tara wanda bai cika goma ba! Ran da ma'aikaci ya kuskure layi guda, mai adireshin fili ta kwana tsirara, ga injuna irin su Shodan suna kewaya intanet dare da rana suna lissafa ƙofofin da aka bari a buɗe. Ta ƙofa mai lamba 445 cutar WannaCry ta riƙa yaɗuwa a 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.

Wai malamai na son shigar da maki daga gidajensu. Haba! Ai don haka aka yi VPN, zauren da baƙo ke sallama a tantance shi kafin ya shiga. Shafin neman gurbin karatu ya zauna a fili, wannan aikinsa ne. Rumbun maki kuwa a mai da shi ciki, kuma wakilanmu su tambayi hukuma, a rubuce, wane adireshi yake ɗauke da shi a yau.