A Auna Ruwan Nan Dare da Rana!

Jama'a, a saurara! Maganin da muke sha ba duka jiki ke cinyewa ba. Ragowarsa na fita a fitsari da bahaya, ta bi magudana zuwa matatar ruwan ƙazanta. Matatun nan an gina su ne don raba ruwa da dauɗa da ƙwayoyin cuta, shi ya sa maganin farfaɗiya carbamazepine da maganin ciwon jiki diclofenac sukan ratsa su, su faɗa kogi.

Yawan ragowar nan hawa da sauka yake yi. Da sassafe, idan gari ya waye kowa ya kewaya, magunguna da sinadaran haihuwa sukan kwararo matata da yawa, bayan wasu sa'o'i su fito ta wancan gefe. Da dare ya raba sai su ja baya. To, ma'aikacin da ya cika kwalba ɗaya da hantsi ya kai ɗakin gwaji ya ce ruwa lafiya lau, me ya auna? Ina sauran sa'o'in yini?

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. A wani tafkin gwaji na Ontariyo a Kanada, daga 2001 zuwa 2003, masana sun zuba sinadarin ƙwayar tazarar haihuwa, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a kowace lita. Mazan kifi suka fara ɗaukar siffofin mata, wani nau'in ƙananan kifaye ya kusa ƙarewa. A 2022 binciken Jami'ar York ta Ingila a koguna 258 na ƙasashe 104 ya tarar da magani fiye da kima a sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da aka ɗebi ruwa. Suwizalan kuwa tun 2016 ta wajabta wa manyan matatunta ƙarin tacewa da gawayi ko iskar ozon.

Idan haka ruwan da aka tace yake, ina ga na rafin Jakara a Kano, wanda masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da shi?

Kada kowa ya daina shan maganin da likita ya rubuta masa. Amma wanda ya lalace, kar a juye shi a masai ko kwata. Masu sayar da magani, ku tanadi akwatin karɓarsa. Malaman jami'a, ku fito da na'urorinku bakin rafi. Hukumomin muhalli, ku riƙa ɗibar ruwa sa'a bayan sa'a har 24, ku bayyana sakamakon a rediyo. Mu kuma mu matsa wa wakilanmu lamba, kada mu sassauta sai an yi!