Sharhi: Babban layin Zabori da ƙanƙarar matan Gaya

Duk matar da ke sayar da ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya a kasuwar Gaya ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan abin da ya faru a farkon watan Agusta na 2023. A lokacin ne Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, a cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin wannan rana kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take fitowa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, da na Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, yayin da Gaya ke samun tata ta ƙaramin layin da ya taso daga Kamba. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, wuta ta dawo daga baya, amma jarin da ya narke a cikin firji bai dawo ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma 'yan kasuwa sun ga haka da idonsu.

To, yanzu idon jama'a ya koma kan gundumar Dioundiou, wato Junju, domin kuwa a garin Zabori ne aka tsara kafa tashar da za ta zama mararrabar babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330. Layin, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Goru Banda kusa da Yamai a watan Fabrairun 2022, tsawonsa ya haura kilomita 800. An tsara ya taso daga Birnin Kebbi ya iso Zabori, daga nan reshe guda ya nufi Yamai har zuwa Wagadugu, ɗaya kuma ya gangara Malanville a ƙasar Benin. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na cikin waɗanda suka zuba kuɗi, kuma tsarin ya ƙunshi kai wuta ga ƙauyukan da layin ya ratsa.

Babu shakka wannan abin farin ciki ne ga yankin da ke noman rake a Junju da Karakara da Zabori, a ƙasar da kusan mutum ɗaya ne kacal cikin biyar ke samun lantarki. Amma abin tambaya a nan shi ne, shin babban layi shi kaɗai zai raba mu da ɗaukewar wuta? Amsa ita ce a'a. Layi hanya ce kawai, kamar kwaltar Dosso zuwa Gaya: idan babu kaya a inda mota ta taso, faɗin hanya ba ya cika rumfa. Ita kanta Nijeriya wutar ba ta ishe ta ba, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025. Saboda haka dole a duba ɗaya ɓangaren, wato yadda muke shan wutar da ta iso gare mu.

A nan ne binciken masana makamashi ya shafi aljihun 'yan kasuwa kai tsaye. Abu uku suke magana a kai.

Na farko shi ne tattalin wuta, wato yin aiki iri ɗaya da wuta kaɗan. Tsohon ƙwan lantarki mai zafi yana shan wat 60, alhali sabon ƙwai na LED mai haske kamarsa wat 9 ya ishe shi. Mai shagon da ke kunna ƙwai huɗu na awa biyar kullum, da tsofaffin zai sha kilowat 36 a wata, da sababbin kuwa bai kai 6 ba. Kada mai karatu ya raina wannan lissafi. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayaye masu tattali miliyan 6 kyauta, kuma hukumar makamashin ƙasar ta ce hakan ya rage bukatar wuta a lokacin cunkoso da megawat 124. Wannan ya ninka sau huɗu ƙarfin tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. Daga baya, a 2013, Ghana ta soma aiwatar da dokar hana shigo da tsofaffin firji na gwanjo, saboda an gano suna shan wuta fiye da kima. Duk wanda ya san irin firjin da ke cike a shagunanmu na kan iyaka ya san maganar ta shafe mu. Firjin gwanjo yana da araha ranar saye, amma kowane wata mai shi yana biyan cikon kuɗinsa a takardar wuta.

Na biyu shi ne sauya lokacin aiki. Masu sayar da tumatir sun fi kowa sanin cewa farashin kwando a lokacin da kaya suka yi yawa ba shi ne farashinsa ba idan ya yi wuya. Haka wuta take. A watannin bazara, musamman daga magariba zuwa bayan isha'i, kowa na kunna fanka da talabijin da firji a lokaci guda, kamfani ya rasa yadda zai yi sai ya tayar da injunan gas masu tsada ko ya yanke wa wasu unguwanni. Da hantsi kuwa, sa'ad da hasken rana ke ba da wuta mafi araha, cunkoson gidaje bai kai haka ba. Idan masu injin niƙa da masu walda da masu haɗa ƙanƙara da masu ban ruwa da famfon lantarki suka mai da aikinsu mai nauyi zuwa sa'o'in da layi ke da sarari, wutar nan guda za ta ishi mutane da yawa. Ƙanƙarar da ta daskare da rana a firji mai kyakkyawan murfi, ajiyar wuta ce da ba ta bukatar batir.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan kuɗi. A Faransa an daɗe ana sayar da wuta da rahusa na awa takwas a kowace rana, kuma daga Nuwamban 2025 aka fara mai da wani ɓangare na sa'o'in rahusar zuwa tsakar rana saboda yawan wutar hasken rana. A Ingila kuwa, a lokacin sanyin 2022, an fara biyan magidanta idan suka rage shan wuta a sa'ar cunkoso.

Na uku shi ne abin da masana ke kira layin wuta mai basira. Ma'anarsa mita da na'urorin da ke sanar da kamfani nawa ake sha, a ina, a wace sa'a, kuma a ina waya ta tsinke. Mitar da ake saya wa kati kafin a sha wuta mataki ne na farko, amma rahusar sa'o'i ba ta yiwuwa sai da mitar da ta san lokaci.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Mai tuwo-tuwo da mai shayi da mai tsire da dare suke ciniki, ba za su iya mai da sana'arsu hantsi ba. Idan aka tsawwala farashin magariba ba tare da kare ƙananan masu amfani ba, to talaka ne zai ɗauki nauyin. Haka kuma ba a ce wa mace ta tsara aikinta da agogo alhali ba ta san sa'ar da wuta za ta zo ba. Sannan sabon firji mai tattali yana bukatar jarin da yawancin mata ba su da shi a dunƙule.

Don haka shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a Gaya da Junju ita ce su je gaban NIGELEC da hukumar ARSE mai daidaita harkar makamashi da bukatu bayyanannu: a riƙa sanar da jadawalin ɗauke wuta ta gidajen rediyon gari kuma a cika alkawari, a gwada farashi mai rahusa da rana ga masu niƙa da masu ƙanƙara, a sassauta kuɗin kwastan kan ƙwayayen LED da firji masu tattali da farantan hasken rana, a kuma tabbatar ƙauyukan da turakun babban layi suka tsaya a gonakinsu ba su zama 'yan kallo ba. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana, da na Jami'ar Dosso, su ma ya dace su sauko kasuwa su auna abin da firjinmu da injunanmu ke sha.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Kuɗin adashi na iya canza ƙwai da robar ƙofar firji, a janye firjin daga rana, a rage yawan buɗe shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.