Ranar da ƙungiyar da ta fi shan kashi take zama sarauniya

Ƴan uwa, mu da muke kashe murya a fada kan Barsa da Madrid mun saba da doka ɗaya: mai kuɗi shi ke sayen gwani. A ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu, abin ya sha bamban. Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara a ƙarshen watan Afrilu sukan yi kwana uku suna rabon matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai. Diraf suke ce masa, tun 1936 ake yi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe.

A ido, adalci ne tsantsa. Amma ku tambayi mai goyon bayan Cleveland Browns.

A 2016 ƙungiyar nan ta ci wasa ɗaya cikin 16. A 2017 ko ɗaya ba ta ci ba, har magoya baya suka fito cikin tsananin sanyin Janairu suka yi jerin gwanon ba'a kewaye da filin wasa. Ladan wannan abin kunya shi ne zaɓin farko shekara biyu a jere: Myles Garrett, sannan Baker Mayfield, mai jefa ƙwallo, wato jagoran hari. Kowa ya ce rana ta fito. Kuma wallahi ta ɗan fito: a Janairun 2021 Mayfield ya kai su ga nasarar farko a wasannin sili-ɗaya-ƙwale tun 1995. Shekara ɗaya da ƴan watanni bayan haka shugabannin ƙungiya suka kawar da shi gefe, suka miƙa wa Houston zaɓinsu na zagayen farko na shekara uku don su samu Deshaun Watson, da kwangilar dala miliyan 230 da dole a biya ko ya yi wasa ko bai yi ba. A kakar 2024 wasa 3 suka ci cikin 17. Mai goyon baya ya koma inda ya fito: zaman jiran Afrilu.

Za a ce zaɓen ɗan wasa caca ce, kuma akwai gaskiya. A 2000 Browns sun ɗauki wani mai jefa ƙwallo, Spergon Wynn, a lamba 183. A lamba 199 New England ta ɗauki Tom Brady, wanda ya ci kofin Super Bowl sau bakwai. To, sauran ƙungiyoyi ma sun tsallake shi, ba mu ɗora wa Cleveland ita kaɗai ba. Sai dai ƙungiyar da ta gwada masu jefa ƙwallo fiye da 30 tun 1999, kuma har yau ba ta taɓa taka Super Bowl ba, ciwonta ya wuce rashin sa'a.

Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne wanda tsarin yake karewa. A Turai in shugaba ya lalata ƙungiya, ta faɗa rukuni na biyu, aljihunsa ya ji a jika. A NFL babu faɗuwa. Kuɗin talabijin na ƙasa raba daidai ake yi, na farko da na ƙarshe. Mai ƙungiya ya gaza, a ba shi kason kuɗinsa cif, a ƙara masa da gwanin gwanaye, shi kuma ya buga sabuwar riga da sunan yaron ya sayar wa mutanen da ya sa kuka wata huɗu da suka wuce. Yaron kuwa ba a tambaye shi garin da yake so ba. Irin su Eli Manning, da ya ƙi zuwa San Diego a 2004, ƴan ƙalilan ne.

Duk da haka ban ga laifin mai goyon baya ba in zuciyarsa ta buga lokacin da aka kira suna. Daren nan shi kaɗai ne a shekara da ƙungiyarsa ke gaban kowa. Tambayar da zan so ya riƙe ita ce: waɗanda suka zaɓi na bara da na bara waccan, su wa suka hukunta su? A Cleveland an sallami masu horarwa da manajoji bila adadin tun 2012. Mai ƙungiyar da ya ɗauke su aiki, Jimmy Haslam, yana nan kan kujerarsa.