Igiyar ruwan ba-zata: Haɗarin da ke jiran jiragen da suka guje wa Bahar Maliya

Tun ƙarshen 2023 da 'yan Houthi suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, manyan jiragen dakon kaya da dama suka koma zagayawa ta gaɓar Afirka ta Kudu. Sai dai yankin ya yi ƙaurin suna wajen igiyar ruwan ba-zata, wadda tsayinta ke haura ninki biyu na manyan igiyoyin da ke kewaye da ita.

An daɗe ana ɗaukar labarinta a matsayin ƙarin gishirin matuƙa jirgi. Amma ranar 1 ga Janairun 1995, wata na'ura a dandalin iskar gas na Draupner da ke tekun Norway ta auna igiya mai tsayin mita 25.6, alhali manyan igiyoyin lokacin kusan mita 12 ne.

Masana sun ce tana tasowa ne idan igiyoyi da yawa suka haɗu wuri guda, tsayinsu ya hau kan juna. A Afirka ta Kudu kuwa, ruwan Agulhas mai gudu da ƙarfi yana karo da igiyoyin da guguwa ke turowa daga kudu, sai su miƙe kamar bango.

Matsalar ita ce hasashen yanayi matsakaicin tsayin igiyoyi yake bayarwa, ba ya nuna inda guda ɗaya za ta tashi. A Nuwamban 2022, wata babbar igiya ta fasa tagogin jirgin yawon buɗe ido na Viking Polaris a kusa da Ajantina, ta kashe fasinja ɗaya, ta raunata takwas.