Kada Mu Raina Hannun da Ke Naɗa Takarda



Makonni uku ke nan matasan unguwarmu suna taruwa kowace Asabar a wani ajin firamare. Wasu suna yanka tsofaffin kalanda suna naɗa duwatsun wuya, wasu suna ƙera kwanuka da jiƙaƙƙiyar jarida, wasu kuma suna zagayawa da waya suna ɗaukar hotunan tsofaffi da masu sana'a, domin a baje kolinsu kafin a koma makaranta. Ba ikilisiya ce ta shirya ba. Malaman makarantar ne da dattawan unguwa, kuma Kirista da Musulmi duk suna ciki. Wasu 'yan zumuntarmu sun shiga, wasu kuma iyayensu sun hana su. Tambayar ta iso gare mu: ya dace mai bi ya sa hannu a wannan aiki? Amsarmu ita ce ya dace, har ma muna ganin rashin zuwanmu asara ce.

Bari mu ɗauki dalilan masu hanawa ɗaya bayan ɗaya, domin ba mutanen banza ba ne, iyayenmu ne masu kishin bangaskiya.

Na farko, sun ce doka ta hana ƙera siffa. Gaskiya ne, Fitowa sura 20 ta hana yin gunki a rusuna masa. Amma a sura 25 ta wannan littafi, Allah da kansa ya umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari. A sura 31 kuma ya kira Bezalel na kabilar Yahuza da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla, sassaƙar dutse da itace, ya ba shi Oholiyab na kabilar Dan ya taimake shi. Sura 35 ta ƙara da cewa an ba su baiwar koya wa wasu. Ku tuna kuma da macijin tagulla da Musa ya yi cikin jeji bisa umarnin Allah. Sai da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare ne Sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ashe laifin yana cikin zuciyar da ta mai da aikin hannu abin bauta. Yarinyar da ta naɗa furen takarda ba gunki ta yi ba. Wanda ya kamata ya binciki kansa shi ne saurayin da ba ya iya barci sai ya ƙirga mutum nawa suka yaba hotonsa a Facebook.

Na biyu, sun ce wasan yara ne, ɓata lokaci ne. Duk wanda ya faɗi haka bai gwada ba. Kafin kwano ɗaya ya fito, sai an yayyaga jarida, an jiƙa ta ta kwana, an daka a turmi, an cuɗa da sitacin rogo, an shafa a bayan ƙwarya, an shanya har ya bushe sarai, sannan a yi masa fenti. Mai gaggawa zai tarar kwanonsa ya yi fumfuna. Dutsen wuya ɗaya kuwa, sai an yanka takarda doguwa mai tsini, an naɗe ta a tsinken tsintsiya daga faɗin zuwa tsinin, an ɗiga gam. Wannan makarantar haƙuri ce, kuma da abin da muke zubarwa a kwata ake yinta. A Yuganda, matan da yaƙin arewacin ƙasar ya kora zuwa Kampala sun ciyar da 'ya'yansu da irin waɗannan duwatsun takarda. A ƙasarmu, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yau kuma ana rataye su a manyan gidajen baje kolin duniya. Manzo Bulus ma bai ji kunyar zama da Akila da Biriskila suna ɗinkin alfarwa a Koranti ba. Mu da muke kukan rashin aikin yi a tsakanin matasanmu, bai kamata mu zama masu raina sana'a ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: tsoron cuɗanya. Mu da ke zaune a Jos mun san abin da ya biyo bayan rikicin Satumbar 2001. Unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Muna da matasa a zumuntar nan da suka kai shekara ashirin ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da sa'ansu Musulmi ba. Wanda ba ka taɓa zama da shi ba, kowace jita-jita a kansa sai ka yarda. Amma idan kun yi sa'a uku kuna miƙa wa juna almakashi ɗaya, ka san sunansa, ya san naka, ranar da wani ya zo da zuga zai yi wuya ya same ku. Annabi Irmiya, a sura 29, ya gaya wa Yahudawan da ke bauta a Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Balle mu da muke cikin garinmu.

Sai dai muna da gargaɗi, musamman ga masu riƙe kyamara. Kowane mutum da ke gabanku cikin kamannin Allah aka yi shi. Kada ku ɗauki hoton almajiri, ko gwauruwa, ko ɗan gudun hijira ba da izininsa ba don kawai ku sami abin tausayi na sakawa a intanet. Ku yi sallama, ku faɗi abin da za a yi da hoton, idan yaro ne ku nemi iyayensa ko malaminsa. In an ce a'a, ku mai da wayar aljihu. In an yarda, ku wanke hoton ku kai wa mai shi. Kada kuma ku je da tarko, kuna fakewa da takarda don ku ja wani musun addini. Ku je ku yi aikin da gaskiya, ku zo kan lokaci, ku share ajin bayan an tashi. In wani ya tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da ladabi.

Ga iyaye kuma, muna roƙonku ku zo Asabar mai zuwa ku zauna a bayan ajin ku gani da idonku kafin ku yanke hukunci. Mu ma za mu je, da tsofaffin kalandar ofishin ikilisiya a hannu.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ba Bezalel gwaninta, ka albarkaci hannuwan matasanmu. Ka tsare zukatanmu daga girman kai da tsoro, ka sa aikinmu ya kawo salama a unguwarmu. Cikin sunan Yesu, Amin.