Mun Iya Karatu, To Ina Littafin Yaranmu?

Ƴan uwa, maza da mata, ina da wata magana da nake so mu duba tare.

Ran nan bayan mun tashi daga aji, wata baiwar Allah ta tsaya. Shekara biyu ke nan tana zuwa yaƙi da jahilci, yanzu tana karanta wasiƙa da kanta. Ta ce mini: "Malam, ga shi na iya karatu. Daren jiya autana ya ce in karanta masa labari. Na duba ɗaki kaf, ban samu komi ba sai katin asibiti da takardar maganin ƙwari. Mi zan karanta masa?"

Wallahi na rasa amsa. Na koya mata baƙi da wasali, amma ban ba ta abin da za ta karanta ba. Kamar ka koya wa mutum noma ne ka hana shi iri.

Ra'ayina shi ne: gidan da babu littafin yara, karatun gidan bai cika ba. Kuma littafin nan ya kamata ya zo da harshe biyu, Hausa da Faransanci. Bari in ba ku misali daga nesa.

Akwai wata ƙasa da ake kira Kanada, can arewacin Amurka. Su ma harshe biyu gare su na gwamnati, Ingilishi da Faransanci, kuma sun kafa dokar haka tun 1969. A 1908 wata mata, Lucy Maud Montgomery, ta fitar da littafi mai suna Anne of Green Gables. Labarin wata marainiya ce. Wani dattijo da ƙanwarsa sun nemi a aiko musu yaro namiji da zai taya su aikin gona, sai aka yi kuskure aka aiko yarinya mai surutu. Ƙauye ne, gona ce, maraici ne. Ba wani abu ba ne da ba mu sani ba a nan. Amma yau fiye da shekara 100 ana karanta shi, an juya shi cikin harsuna da yawa, har da Faransanci da Japananci.

Wani kuma, Roch Carrier, mutumin jihar Kebek, ya rubuta nasa da Faransanci a 1979. Labarin ƙuruciyarsa ne a ƙauye. Rigar wasansa ta tsufa, uwarsa ta yi odar sabuwa daga wani babban kanti, sai aka aiko ta abokan hamayya. Uwa ta ce dole ya sa. Ku ɗauka yaron Damagaram ne aka tilasta masa ya sa rigar Maraɗi ranar kokowar takobi! An juya labarin da Ingilishi, yaran ɓangare biyu suka so shi. Har ma a 2002 an buga ƴan kalmominsa da harsunan biyu a bayan takardar kuɗinsu ta dala biyar ta wancan lokaci.

Mi muka koya a nan? Waɗannan mutane ba su rena labarin ƙauyensu ba. Sun rubuta shi, sun juya shi, suka miƙa wa yara.

To mu fa, ba mu da namu ne? Muna da shi. A 1933 an yi gasar rubutun Hausa a Najeriya, daga ciki aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga 1937 Imam ya fitar da Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa, ya sa musu riga da hula irin namu, har ka rantse a bayan gidanku aka yi su. A nan Nijar kuma marigayi Bubu Hama ya tattara tatsuniyoyin ƙasarmu da yawa da Faransanci. Abdullahi Mamani ya rubuta Sarauniya a 1980. Kuma kada mu manta, a Damagaram ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. Ashe ba baƙon abu nake kawowa ba.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce: "Malam, Faransanci shi ne na neman aiki, mi yaro zai yi da littafin Hausa?" Amsa ita ce, da ɗan gari akan ci gari. Yaron da ya fara karatu da harshen da ya sha a nono yana gane cewa rubutu magana ce. Wanda aka fara da harshen da bai ji, sai ya riƙa hadda kamar aku. Duk mun ga yaron da ya yi shekara huɗu a lakwal, yana rera layi da murya mai daɗi, ka tambaye shi ma'ana ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin mushensa ba ne. Tsani ne aka ba shi babu matakin farko. Ni ban ce a bar Faransanci ba. Cewa na yi a jera su, shafin dama da na hagu. Balle ma a 2025 hukumomin ƙasarmu sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma doka ba ta shiga ɗaki ta karanta wa yaro labari. Wannan aikin uwa da uba ne.

Wani kuma zai ce: "Littafi tsada, muna fama da hatsi." Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kowa ya yi dala-dala a aji, a wata uku mun sayi littafi guda. Ƴan kasuwarmu na zuwa Damagaram da Kano kullum, sai mu ba su sallahu. Mu samu akwati ɗaya, mu naɗa mai riƙon makulli, kowa ya ara ya maido.

Abu na biyu ya fi wannan sauƙi. Kowane ɗalibi ya je wurin tsohuwar gidansu ya karɓo gatana ɗaya. Ta Gizo da Ƙoƙi ce, ko labarin tafkin Gidimuni, ko yadda kakanni suka fara garka da dashen rake da dabino. Ya rubuta a kaye da hannunsa. Ɗansa ko ƙanensa da ke kwaleji ya juya da Faransanci a ɗaya shafin. Mu talatin ne a aji, kun ga mun samu labari talatin. Littafi ke nan.

Kuma mu yi sauri. Da, in an ci tuwon dare, yara wurin kaka suke taruwa. Yanzu kan salula suke taruwa. Tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke, kowace ta tafi da nata a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baiwar Allahn nan da na faɗa muku, ita ta fara kawo nata. Shafi ɗaya da rabi ne, da kurakurai bakwai. Mun gyara tare. Ta ce ta karanta wa autan sau uku a dare ɗaya, bai ƙoshi ba.

Saura kai, saura ke. Allah ya ba mu iko, amin.