Allon fitilu da haruffa masu ƙugiya

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ke son ganin gaskiyar wanga karin magana, to ya dubi allunan fitilu masu rubutu mai gudu waɗanda ake ratayewa a ƙofar farmasi ko gidan mai ko shagon salula, a birnin Tawa da sauran manyan garuruwan Nijar. Ɗan kasuwa ya kashe kuɗinsa ya sayo allo daga waje, ya ce a rubuta masa "maraba da baƙi", sai allon ya yi maraba da baki, ko kuwa ya dasa alamar tambaya a gurbin harafin ƙ. Haka ƙoƙo ke komawa koko, ƙafa ta koma kafa.

Dalili shi ne, jerin haruffan da aka fara tsara wa na'urori masu ƙwaƙwalwa a Amurka cikin 1963, wato ASCII, bukatar Ingilishi kaɗai ya duba. Tsarin Unicode da ya fito cikin 1991 ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ gurbinsu, amma da yawa daga ƙananan allunan nan har yanzu ba su ɗauke da siffarsu, saboda maƙeransu ba su yi su domin kasuwar Adar ba. A da ana iya ɗaukar abin da wasa. To amma tun watan Maris na 2025, sa'ad da sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ma'aikacin gwamnati da ke son kafa sanarwa a bakin ofishinsa ya shiga sahun masu wannan damuwa.

Maganin abin bai kai tsadar da ake zato ba, sai dai yana son a fahimci yadda allon ke aiki. Kowane ɗigon haske ƙaramar fitila ce da ake kira LED, wadda injiniya Nick Holonyak ya ƙera irinta mai jan haske cikin 1962. Allon da ɗalibai suka fi koyo da shi yana da fitilu 64, layi takwas, kowane layi fitila takwas, jere kamar gurabun dara. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, ƙidaya ta sani. Don haka aka ba kowace fitila ta cikin layi daraja: ta farko daga dama 1, mai bi mata 2, sannan 4, 8, 16, 32, 64, har 128. In aka aika wa layi lamba 24, wato 16 da 8, fitilu biyu na tsakiya su ke kamawa. In aka aika 129, sai na bakin gefe biyu. Lamba 255 tana kunna layin duka, sifiri kuwa ya kashe shi. Ashe ke nan kowane harafi lambobi takwas ne kawai, ɗaya bisa ɗaya. Ɗan kasuwar da ya saba juya farashi daga dala zuwa faran a cikin kansa, wannan lissafi ba zai gagare shi ba.

Akwai kuma wata dabara. Maimakon a ja wa kowace fitila wayarta, waya 16 ke ɗaukar allon duka, takwas na layuka, takwas na ginshiƙai. Na'urar tana kunna layi guda, ta kashe, ta wuce na gaba, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ga kamar duka suna kunne. Duk yaron da ya taɓa wulwula bakin wuta da dare ya ga da'irar haske, ya riga ya san wanga sirri. Shi kuwa rubutu mai gudu, umarni ne gajere: gusa kowane ginshiƙi taki ɗaya zuwa hagu, dakata kaɗan, sake.

Ƙananan kwamfutocin da ake koyon wannan aiki da su ba su fi tafin hannu ba. Arduino ta fito daga garin Ivrea na Italiya cikin 2005. Raspberry Pi ta biyo baya daga Ingila cikin 2012, a kan dalar Amurka 35, kuma cikin Disamba 2015 an kai biyu daga cikinsu tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ɗauke da allon fitilu 64, inda suka yi aiki da umarnin da ƴan makaranta suka rubuta. Cikin 2016 gidan rediyon BBC ya raba wa yaran Birtaniya ƴan shekara 11 zuwa 12 wata mai suna micro:bit kyauta, wajen miliyan guda. Fitilunta 25 ne, kuma ƙananan batura biyu sun ishe ta. Ita ma haruffan Ingilishi ta zo da su, amma ta bar wa yaro damar zana siffar da ya ga dama.

Nan ne amfanin yake. Yaron da ya zana k a takarda mai gida-gida, ya lanƙwasa mata kai zuwa dama, ya ƙirga darajar kowane layi, to ya ƙera ƙ da hannunsa. Haruffa masu ƙugiya huɗu ne, manya da ƙanana sun zama takwas, jimla lambobi 64: aikin yini guda. A arewacin Adar, wajen Abalak da Cintabaradan, haka za a yi wa Tifinag, rubutun Abzinawa, wanda yawancinsa ɗigo ne da layi da da'ira, kamar dama don irin wanga allo aka yi shi.

Adar ƙasa ce da samarinta suka daɗe suna tafiya cin rani Abijan da Libiya da Najeriya. Ba a cewa allon fitilu zai tsai da su. Amma saurayin da ya iya rubuta wa allo umarni ya kama hanyar sarrafa famfon lambu da ma'aunin batirin hasken rana, domin tushen aikin ɗaya ne. Ita kuwa jihar Tawa ba baƙuwar wannan fanni ba ce: a Malbaza aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 cikin 2018, ga kuma Jami'ar Djibo Hamani a cikin birni.

Saura ɗawainiya. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Kano ko Sin yana iya haɗo irin waɗannan na'urori goma ya ba makarantar unguwarsu, ya kuma riƙa tambayar mai sayar masa da allo ko yana rubuta ƙ tun kafin ya biya. Shugaban makaranta yana iya ware wa malami da ɗalibai yammacin rana ɗaya a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu hali da masu iko su ji.